Aparanti, Hau Ka Dubo Mana Gaba

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Minguettes, a Vénissieux gefen birnin Lyon, irin asubar nan ta watan shida a ƙasar Faransa, wadda mutum bai gama juyi a gado ba ta riga ta waye. Mu uku ne: ni, da Maigida, da ɗiyarsa ta fari. Asansar ɗin benenmu, wato na'urar da ke hawa da mutane sama, don ya nuna mana ranar ba kamar kullum ba ce, ya yarda ya yi aiki. Na gode masa da babbar murya, don a san ban da butulci.

Ku 'yan shafin nan da kuka dame ni da "Tsoho, ina hotunan tafiya", ku yi haƙuri. Na ɗauki hotuna da yawa, amma duk ɗan yatsana ne ya fito a ciki, kuma kun riga kun san shi. Sai dai labari. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa. A aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko, ranar da malamin ya duba kaina ya ce ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Bai yi ƙarya ba.

Bari in fara gaya muku wane ne Maigida, don yaran yanzu in suka ji na ce haka sai su ɗauka mai gidan haya nake nufi. Direban babbar mota ne, na hanyar Tawa zuwa Agadas har can cikin rairayi, tun kafin a zuba gudro, wato kwalta. Ni ne aparantinsa, wato karen motarsa. Aikina in ɗaure kaya, in sa dutse a bayan taya in mota ta tsaya a hawa, in dafa shayi, in sha zagi. Akwai kuma wani aikin da ya fi duka. In muka iso gindin tudun rairayi, ba ya taɓa hawa da mota sai ya ce, "Aparanti, hau ka dubo mana gaba." In hau da ƙafa, in duba abin da ke bayan tudun, in sauko in ba shi labari: ƙasa mai tauri ce ko mai laushi, akwai sawun mota ko babu. A kan maganata yake hawa ko ya kewaya. Daga baya ni na gudo Faransa, na shiga luzin, wato masana'antar manyan motoci, a nan Vénissieux, na ƙare ƙuruciyata ina ɗaura wa motoci ƙafafu har na yi ritaya. Shi ya zauna a kan hanyarsa har gemu ya yi fari. Yau na haura saba'in, ina da jikoki, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Aparanti, ni ma bakina bai iya wani suna ba sai Maigida.

Ciwon suga ne ya kawo shi ƙasar nan. Ya cinye masa ƙoda, ɗansa da ke garin Sevran, can arewacin Faransa, ya ɗauko shi don a duba shi na wata biyu, wata biyun nan yau shekaru ke nan. Litinin, Laraba, Juma'a, yana kwance ana wanke masa jini da inji. A garinmu babu injin, saboda haka babu komawa. Ciwon bai tsaya nan ba. Idon hagu ya tafi, na dama yana rufewa a hankali, kuma lokotoro, wato likita, ya gaya wa 'ya'yansa kada su sa rai idon zai kai ƙarshen sanyi mai zuwa. Shi kuwa magana ɗaya yake maimaitawa: yana so ya ga daji bayan ruwan farko, ko sau ɗaya, kafin a kashe masa fitila.

Ɗiyarsa, wadda ke aikin bincike a nan Lyon, ita ta samo dabara. Ta ce a kudu, cikin duwatsun Cévennes, akwai gandun daji na gwamnati, a samansa akwai wani faffaɗan tudu mai duwatsu da ciyawa, wanda ta taɓa zuwa ta tsaya ta rasa bakin magana don kamarsa da dajin Adar. Ta ce a watan shida duk fure ne. Ta yi hayar kat-kat, motar shiga daji. Ranar Juma'a aka cire shi daga inji aka sa shi a jirgin ƙasa, ya kwana gidana. Asabar ɗaya muke da ita, Lahadi ya koma, Litinin inji na jiransa.

Shi ya zauna gaba. Ba a yi shawara a kan wannan ba. Ɗiyar tana tuƙi, ni ina baya da kwandon abinci. Tunda ita ce ta fari ba ya kama sunanta, sai dai ya ce "ke" ko "direba", kuma yadda yake faɗin direban nan kun san ba yabo ba ne. Kafin mu wuce Saint-Étienne ya riga ya gaya mata tana saurin canja giya, tana taka birki kamar mai kashe kunama, kuma motar da ba ta ƙara ba mota ba ce, firiji ce. Ita dai "To, Baba" take cewa. Yarinyar nan tana da digiri uku, Turawa suna miƙewa in ta shiga ofis, amma a cikin motar nan ni da ita matsayinmu ɗaya.

Hanyar tana da kyau, ba a biyan kuɗin wucewa, sai hawa da kwana. A Le Puy muka tsaya shan kafe. Kofin bai fi murfin kwalba ba, kuɗinsa ya haura jaka guda a kuɗinmu na gida. Na sha nawa a hankali don in ji inda tsadar take, ban same ta ba. Uwargidana ta ƙulla mana dambu da ɗan kilishin da aka aiko mata daga Madawa. A nan na ga abin da ya fara ɓata mini rai. Maigida ba ya cin gishiri, ba ya cin dabino, ba ya cin ayaba. Ruwa ma an auna masa, 'yar kwalba guda ta wuni duka, ɗiyar ta ja mata layi da biro. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar ganga-gangar ruwa yana raba wa ayarin raƙuma a hanya. Ya karɓi kilishin, ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa, ya miƙo mini.

"Ci, Aparanti. Dama can kai ke cinye rabona."

Na ci. Bai wuce mini da daɗi ba, amma na ci, don kada ya ce na fara jin tausayinsa.

Mun wuce Mende muka gangara Florac da hantsi. Ƙaramin gari ne a cikin kwari, ruwa na gudu ta tsakiyarsa, tsofaffi sun fi yara yawa. Ana sayar da zumar daji da cukun tumaki. Na ɗanɗana cukun. Ina gaya muku tsakani da Allah, da wata Buzuwa za ta kawo irinsa kasuwar Abalak, da an ce ya lalace an mayar mata da abinta. Su kuwa lalacewar ce tsadarsa.

Daga garin akwai hanyar gudro da ke hawa tudun, ita masu yawon buɗe ido suke bi. Ɗiyar ta so mu bi ta. Maigida ya ce gudro ya gani a Sevran har ya ishe shi, in ba za a taka ƙasa ba a mayar da shi gun injinsa. Dama ta san za a yi haka, ta riga ta tambayo wata hanyar ƙasa da aka yarda mota ta bi, mai zagayawa ta bayan dutse, nesa da garin. A bakinta akwai allo mai zane-zane. Ta karanta mana: ba a sauka daga kan hanya da mota, ba a hura wuta, ba a tsinkar fure. Na ce to, daji ne ko ɗakin amarya? Maigida ya ce ƙasar da ake yi wa ciyawa doka ba mamaki mutanenta ba sa gaisawa.

Tayar gaba tana sauka daga gudro, motar ta yi wannan girgizar da duk wanda ya taɓa bin daji ya sani, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, direba. Aparanti, sauka ka rage iska."

Ku yaran birni, bari in yi muku karatu, yau ni ne malamin. A cikin rairayi, in za ka bar ƙasa mai tauri, dole ka rage wa taya iska, don ta baje kamar tafin raƙumi, kada ta nutse. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa aparanti, kuma ya ceci rayuka. Amma a rairayi. Hanyar da ke gabanmu ba rairayi ba ce. Farin dutse ne fasasshe, mai kaifi kamar an wasa shi, kuma tayoyin motar haya na birni ne, gefensu bai fi kunnen akuya kauri ba. In ka rage musu iska a nan, cikinsu zai fito gefe ya kwanta a kan wuƙaƙe. Na san wannan. Rabin rayuwata a kan taya na yi shi.

Ɗiyar ta dube ni ta madubi. Ta ce a hankali, "Kawu, ai duwatsu ne." Da ni take, ba da shi ba, don ba ta iya ce wa ubanta a'a a gaban abokinsa. Ni kuma na juya ina kallon ciyawa.

Ga abin da ke raina, ku yi mini hukunci in kuna so. Tun da mutumin nan ya zo ƙasar nan ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a kan komai. A juya shi, a auna shi, a soke shi, a ce sha wannan, bar wancan. Takardunsa ma a hannun ɗansa suke. Wannan ne umarni na farko da na ji ya bayar da tsohuwar muryarsa. Sai na buɗe ƙofa na sauka.

Na so in yi wayo. Na samo ɗan tsinke na danna bakin tayar, ta yi tsaki kaɗan, na saki na ce an gama. Idonsa ne ya tafi, kunnensa yana nan.

"Ƙara. Kana tsammani ban ji ba? Tun kana yaro kake da ha'inci."

Ya sa aka fito da shi, ya dafa motar ya zagaya, yana bugun kowace taya da tafin hannu yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Sai da duk huɗun suka yi masa yadda yake so. Da ya koma kujerarsa na ga fuskarsa ta canja, har ya gyara zaman hularsa.

Kuma gaskiya, da farko motar ta yi laushi. Girgizar ta ragu, tana tafiya kamar kwalekwale. Ya ce, "Kun ji ko? Wannan ba a koyar da shi a jami'a." Ya sauke gilashi, ya ɗora hannunsa a kan na ɗiyar a bisa giya, yana gaya mata inda za ta sa ta biyu. Ban taɓa ganin ya taɓa hannunta ba sai ranar.

Furen kuwa, ban san yadda zan gaya muku ba. Mu a wurinmu fure alama ce kawai, ta cewa wake ya kusa ko kuɓewa za ta yi. Ba mu tsayawa kallonsa. A nan gefen dutse duka ya rufe da wani rawaya mai ƙamshin zuma, daga ƙasa har inda ido ya tsaya. A ƙarƙashinsa ja, da fari, da shuɗi, da wani mai launin da ban san sunansa ba ko da Faransanci. Ɗiyar tana faɗin sunayensu na littafi, kowane suna ya fi furen tsawo. Maigida ya leƙa da idonsa ɗaya.

"Rawaya nake gani. Tafasa ce?"

Na ce kusan ita ce, sai dai ta fi tsayi.

"Na ƙasan fa?"

Na ce wani kamar furen wake, wani kamar na tumfafiya amma ƙanana, wani kuma kamar tsidau bayan ruwan farko, sai dai ba ƙaya.

"Tsidau ba ƙaya," in ji shi. "Lalle Turawa sun ji daɗi."

A nan na gane idon ya fi yadda ake faɗa lalacewa. Launi yake gani, ba siffa ba. Amma launin yana isa gare shi, kuma ɗiyar ta ce a saman tudu fili ne buɗaɗɗe, haske ko'ina, can zai fi gani. Saura hawa ɗaya mai tsawo.

A tsakiyar hawan ne tayar baya ta dama ta yi ajiyar zuciya. Ba ta fashe da ƙara ba. Dogon numfashi ta saki, motar ta karkata ta zauna. Na sauka, ban ma san lokacin da na samo dutse na sa a bayan taya ba, jiki ya riga hankali tunawa. Gefen tayar ya tsage kamar an sa aska, hannuna yana shiga.

Maigida ya tambaya, "Ƙusa ce?"

Na ce, "Ƙusa ce, Maigida."

Ɗiyar ta juya mana baya ta daɗe tana kallon kwari.

Abin ɗaga motar da kamfanin haya ya sa mana kamar na wasan yara yake. Notunan kuma da inji aka ɗaure su, wani irina ne a wani luzin ya matse su da dukan zuciyarsa, Allah ya saka masa. Na hau kan sifanar da ƙafa, gwiwata ta ce ba da ita ba. Waya ba ta kamawa. Rana ta take. Mun zaunar da Maigida a inuwar motar, a kan tabarmar salla, furanni sun kewaye shi har kafaɗa. Wasu mutum biyu suka zo a kan kekuna, da tufafi masu matse jiki kamar an shafa musu fenti, suka ce mana bonjour suka wuce. Maigida ya bi ƙararsu da kunne.

"Wucewa suka yi?"

Na ce sun wuce.

"Sun ga mota a kwance?"

Na ce sun gani, amma keke gare su, me za su yi mana.

"Sai su tsaya su tambaya ko muna da ruwa."

A hanyarmu ta da, wanda ya wuce motar da ta lalace bai tsaya ba, sunansa ya ɓaci daga Tawa har Bilma.

Wanda ya tsaya wani tsoho ne mai kiwon tumaki, a kan babur mai ƙafa huɗu, da karensa a baya. Fuskarsa ta ƙone da rana kamar ta Bafillacen daji. Ya duba tayar da ta tsage, ya zagaya ya danna sauran ukun da ƙafa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi wa ya sace musu iska. Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi Maigida a kan tabarma, ya ɗaga kafaɗa. Ya tafi gidansa ya ɗauko doguwar sifana da famfo. Tafiyar tasa da dawowa ta ci mana tsakiyar rana. Kafin ya dawo ruwan kwalbar Maigida ya kai layin ƙarshe, leɓensa ya bushe, fuskarsa ta yi toka-toka. Ɗiyar ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta mayar da shi jaka ba ta faɗi abin da ta gani ba.

Da muka ciro tayar ajiya sai ga wata 'yar siririya kamar ta amalanke. Makiyayin ya yi dariya, ya ce da wannan sai dai gangara, a hankali, da addu'a in muna da ita. Na ce muna da ita da yawa. Na tambayi ɗiyar ko mu sauka mu zagaya ta gudro. Ta ce zagayen da nisa, kuma tana son ubanta ya kusanci gari mai asibiti kafin la'asar. Sai makiyayin ya ce saman ai ba nisa, in ana so zai ɗauki mutum ɗaya a bayan baburinsa ya kai shi ya gani ya dawo da shi.

Maigida ya fara laluben sandarsa zai tashi.

Baburin nan sai an riƙe ƙarfe da hannu biyu, ana tsalle a kan dutse. Hannunsa na hagu kuwa shi ne wanda aka haɗa wa jijiya don injin, ba a yarda ya ɗauki ko buta da shi ba. In jijiyar nan ta fashe a kan dutsen nan, ba sai na gaya muku sauran ba. Ɗiyar ta durƙusa a gabansa, ta riƙe sandar.

"A'a, Baba."

Tun da aka haife ta ban ji ta faɗa masa haka ba. Shi ma bai taɓa ji ba. Ya tsaya da hannu a kan sandar, ita ma ba ta saki ba, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. Ta sake cewa, "A'a. Ka yafe mini." Kare ya kwanta. Makiyayin ya juya yana gyara abin da bai lalace ba a baburinsa.

Can Maigida ya saki sandar. Ya gyara zama a kan tabarma, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Aparanti, hau ka dubo mana gaba."

Na hau. Tsoho mai jikoki a bayan wani tsoho, kare yana bin mu da gudu, hulata a cikin riga don kada iska ta ɗauke. Na yi ta salati har muka kai.

Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Da muka fito saman, dutse ya ƙare, sama ta buɗe. Fili ne har iyakar gani, ba gida, ba itace sai ɗaya can nesa. Duwatsu a warwatse, an tattara wasu an yi tsibi-tsibi kamar yadda manoman Adar suke yi a gonakinsu. Wata ciyawa mai farin gashi doguwa tana kwantawa tana tashi da iska, kamar ruwa. A tsakaninta fure, ba a jere ba, ba wanda ya shuka, ko'ina. Tumaki can gefe, har da ungulaye suna shawagi a sama. In ka ɗauke sanyin iskar, ka ce bayan Keita ne, sati biyu da saukar ruwa. Na tsaya ina jiran in ji kukan jaki. Ni da na zo rakiya, ni da idona biyu lafiya kuma ina da fasfo da kuɗin jirgi amma na yi shekaru ban je gida da damina ba, ni aka nuna wa. Makiyayin ya ga abin da fuskata ke yi, ya tafi duba tumakinsa.

Da na sauko, Maigida yana zaune inda na bar shi, ɗiyar ta jiƙa ƙyalle tana goga masa a wuya.

"Yaya gaba?"

Na durƙusa kamar yadda nake yi da. Na ce ƙasa mai tauri ce, ba laushi. Akwai sawun mota, tsoho. Iska daga yamma. Sannan na gaya masa sauran, filin, da tsibin duwatsun, da itacen nan guda, da ungulayen. Ya tsare ni da tambaya. Itacen wane iri ne? Tumakin masu gashi ne ko irin namu? Ciyawar ta kai gwiwa? Inda na yi sauri ya ce in koma baya.

"Har yanzu ba ka iya ba da labarin hanya ba," in ji shi. "Amma na gani."

Wani gashin ciyawar nan ya maƙale a ƙafar wandona. Ina so hukumar gandun daji ta sani, in tana karanta Hausa, ban tsinka ba, ita ta biyo ni. Na cire na sa masa a tafin hannu. Ya shafa shi a kumatu, ya shafa a leɓe, ya sa a aljihun gaba.

Makiyayin ya cika mana sauran tayoyin, ya ƙi karɓar komai. Na ba shi ragowar kilishin, ya ɗanɗana, ya yi tari, ya ce da kyau. Maigida ya riƙe hannunsa ya yi masa addu'a doguwa da Hausa, mutumin ya cire hularsa har aka shafa.

Mun gangara kamar masu rakiyar amarya. A hanya ɗiyar ta ce, "Baba, baɗi sai mu dawo, mu bi ta gudro." Ya ce, "In Allah ya kai mu." Ni ma na ce in Allah ya kai mu. Duk mu ukun mun san abin da lokotoro ya faɗa. Wajen Mende ya yi barci, kansa a jikin gilashi. Da ya farka abin da ya fara cewa shi ne, da na rage iskar yadda ya kamata da ƙusar ba ta kama mu ba. Na ce haka ne, Maigida, laifina ne. Mun shigo Vénissieux rana tana faɗuwa a bayan benaye. Asansar ya koma halinsa, sai da maƙwabta biyu suka taimaka muka hau da shi. Washegari muka sa shi a jirgi, Litinin ya koma kan injinsa.

Kun ce in faɗi abin da tafiyar ta koya mini. Ba a rage wa taya iska a kan dutse, amma wannan na san shi tun kafin a haifi yawancinku. Na yi ta juya abin a raina. Da na ce masa a'a a bakin hanya, da ya hau tudun nan ya gani da ɗan abin da ya rage masa na ido. Da kuma na ƙwace masa sa'a ɗayan nan da ya yi yana direba. Ban san wanne ya fi ba, kuma ku masu digiri kada ku yi saurin gaya mini. Abin da na sani, wanda ke da tsoho a gida kuma tsohon ya ce yana son ganin wani abu, kada a jira hutu ya zo daidai. Na sayi tikitin gida na watan takwas.

Idon bai ma jira sanyin ba. Satin da ya wuce ɗansa ya gaya mini rawayan ma ya tafi. Yanzu duk ranar inji, in an kwantar da shi an sa allurai, sai ya sa a kira ni. Ba ya doguwar gaisuwa. Ya ce, "Aparanti, hau." Ni kuma in zauna a bakin taga a bene na tara, ina kallon tram, jirgin ƙasan cikin gari, yana wucewa, in fara daga inda dutse ya ƙare sama ta buɗe. Tun ina faɗin abin da na gani har na soma ƙari. Wancan karon na sa rijiya a gindin itacen. Jiya na mayar da itacen gawo, na kawo raƙuma uku, na ajiye tsohuwar motarmu a inuwa da butar shayi a kan wuta.

Ya ce, "Ƙarya kake yi. An hana hura wuta a wurin."

Na yi shiru.

Ya ce, "Ci gaba."